Wanki a Bakin Kifi

Wani dare mai wanki ya farka da jin wata irin ƙara, kamar ƙaton mutum yana kuskure baki ya ƙi tofarwa. Ya taɓa matarsa.

"Kin ji?"

"Cikinka ne," ta ce, ta juya masa baya.

Ba cikinsa ba ne. Da gari ya waye ya bi ƙarar har ofishin majalisar gari, ya leƙa ta tsakanin ƙarafunan shinge. Kifi ne na siminti, ya fi jaki girma, an tsayar da shi kan wutsiyarsa a tsakiyar wani kwarmi mai tayil. Bakinsa a hangame yana fesa ruwa sama, janareta na ruri a bayansa. Mai wanki ya daɗe yana kallo, don shi mutum ne mai son abin mamaki, kuma kifin ya burge shi. Har idanu aka yi masa da koren gilashi.

Da ya koma gida ya murɗa famfo, famfon ya yi tari ya yi shiru. Ashe bututun unguwar aka karkatar wa kifin.

Kwanaki suka ja, ƙullin kaya ya taru har bakin taga. Masu kaya suka fara zuwa suna kwashe abinsu da dauɗarsa. Matarsa ta ce, "Malam, in aka ƙara mako a haka, sai dai ka sayar da dutsen guga mu ci."

Maƙwabcinsa mai gyaran keke ya daɗe yana yawo shago shago yana kiran a rage ɓarnar majalisa, har ana ce masa Rediyo. Ya ja mai wanki suka je ganin ciyaman ɗin majalisar. Kullum amsa ɗaya: yana mitin.

"Ka gani ko, maƙwabci?" in ji Rediyo. "Harajinmu ya sayi kifin, harajinmu ke ba janareta mai, ruwanmu yake fesawa."

Mai wanki ya tsaya cak. "Ka ce ruwan namu ne?"

"Na wa ne in ba namu ba?"

"To, ara mini baro."

Da safe ya turo baro shaƙe da kaya, baho da sabulu a sama. Mai gadi ya tare shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Aiki, ɗana. Gidanku akwai ruwa?"

Mai gadi ya sosa ƙeya, ya ce bari ya je ya duba ƙofar baya.

Mai wanki ya naɗe wando, ya tara baho a ƙarƙashin bakin kifi. Rediyo kuwa ya bi layi yana buga ƙarfen keke, yana kiran mutane su fito ɗibar ruwa. Kafin rana ta ɗaga mata sun cika harabar da bokitai, wata har tana yi wa jikanta wanka, kumfa ta rufe wutsiyar kifi. Suna cuɗa suna rerawa: "A kashe kifi, a buɗe famfo!"

Mai wanki yana da ƙa'ida tun yana saurayi: wanda ya fara kawo kaya shi ake fara wanke wa, babba ne ko yaro. Ƙullin da ya fi daɗewa a ɗakinsa kuwa na gidan ciyaman ne. Don haka abin da ya fara hawa shingen majalisa, daidai bakin ƙofa, singiletin ciyaman ne da gajerun wandunansa, har da wani mai faci a mazauni.

Ranar ce kuma aka gayyaci manyan baƙi su ga kifin. Ciyaman ya fito tarbarsu, ya ɗaga kai, ya gane facin.

"Kai, tsoho! Sauke kayan nan!"

"Ranka ya daɗe, ba su bushe ba. Ni kuma ban taɓa mayar wa mutum jiƙaƙƙen kaya ba."

Dariya ta ɓarke, har wani baƙo ya dafa mota. Rediyo ya hau gefen kwarmin.

"Ranka ya daɗe, mitin ya ƙare? To ga tambaya. Wa ya roƙi kifi a garin nan?"

Ciyaman ya dubi baƙi, ya dubi mata, ya dubi shinge. Ya ce a kashe janareta.

"Ba mu ji ba!" in ji matan.

Ya maimaita da ƙarfi. Ya ce a mayar da bututu yau yau. Rediyo bai sauka ba sai da ya sa ciyaman ya yi alkawari a gaban baƙinsa: daga yanzu majalisa ba za ta sayi ko tsintsiya ba sai ta fito harabar nan ta faɗa wa jama'a.

Janareta ya mutu. Kifin ya yi kakari, ya zubo ɗan ruwa ta haɓa, ya yi shiru. Harabar ta kaure da tafi da bugun bokitai.

Da yamma famfon mai wanki ya yi tari ya kece da ruwa. Matarsa ta tara hannu biyu tana dariya, shi kuma ya hura gawayi a dutsen guga, mutanen layi suka taru a ƙofarsa ana ta maimaita labarin faci. Sai tsohuwar da ke gidan kusa da su ta leƙo ta kan katanga.

"Ni fa ranar da motar da ta kawo kifin ta wuce, kifi biyu na gani a bayanta. Ina ɗayan?"