Hannun Dama da Hannun Hagu

"Ba zan yi ba, Malam," in ji Quyen, malamar Turanci.

Malam Khoi, shugaban makarantar, ya ajiye kofin shayinsa yana kallonta. Jibi masu duba malamai za su tsallako kogi su zauna a bayan ajinta, su kalli darasin Turanci a kan lokutan aikatau da siffofin da ake ƙerawa daga aikatau. Kowa ya san yadda ake yi. Sai a yi ta maimaita darasin har yara su haddace. Ranar kuwa, duk tambayar da aka jefo, kowa ya ɗaga hannu: wanda ya sani na dama, wanda bai sani ba na hagu. Malama ta kira na dama kawai. Waɗanda ba sa ganewa sam a ce su huta a gida.

"Ƙanwata, ni ma haka aka yi da ni ina ɗalibi. Ko ke kaɗai kika je jami'a?"

"Malam, rabin yaran nan ba sa bambance abin da ya wuce da wanda ake cikin yi. Gara a gani."

"A gani a yi me? A turo miki Bature a kwalekwale?" Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Ke malamar kwantiragi ce fa. Ki tuna."

Ta tuna sarai. Duk da haka ranar ta kawo ajinta cif, har da Lua, yarinyar da ke zuwa da ƙarnin kifi a hannu domin sai ta taya uwarta sharar kasuwa kafin ta taho. Quyen ta rubuta jimla a allo, ta ce a mayar da ita zuwa jiya. Hannu biyu suka tashi. Ta tsallake su ta kira Lua. Yarinyar ta miƙe, ta fara, ta kakare, ta kuskure. Quyen ta ja kujera kusa da ita suka sake bi a hankali, har aka buga ƙararrawa ba a kai rabin darasin ba. Baƙin suka rufe jakunkunansu, ko shayi ba su tsaya sha ba.

Makarantar ta faɗo ƙasa a jerin makarantun gunduma. Malaman da suke cin shinkafar rana tare da ita suka koma wani teburi. "Ga jaruma nan," in ji malamar lissafi in ta wuce. Quyen ta ci abincinta ita kaɗai har ƙarshen zango, kanta a ɗage, ba ta ba kowa haƙuri ba.

Ba a sabunta kwantiraginta ba, kuma babu makarantar gundumar da ta amsa takardarta ta neman aiki. Yanzu tana ɓare jatan lande a masana'antar bakin kogi, yatsunta duk sun tsattsage da ƙanƙara. Lua ma ta bar karatu, tana ɓare jatan lande a layin da ke gaba da nata. Abin da ƙin ya ci mata ke nan: aikin da ta yi wa karatu, da ajin da take so, kuma ko yaro ɗaya bai tsira ba.