A Jira Dunoma

Sifanar ta sake zamewa a karo na uku, hannun Lado ya daki ƙarfe, fatar yatsunsa ta ɗaye. Ya tsotse jinin ya tofar, ya yi ƙwafa. Tun hantsi yake kwance a ƙarƙashin a-kori-kurar maƙwabcinsa Baba Mele, nan ƙofar gida, yana son canza mazaunin inji, wato robobin nan biyu da inji ke hawa a kansu. Na hagu ya fita salin-alin. Na dama kuwa ya tsage gida biyu, injin ya karkata har fanka tana gogar lagireto, amma notin da ke riƙe da shi ya sha tsatsa ya ce ba inda za shi.

Daga cikin zaure wata murya ta fito, siririya amma ba ta rasa tsiya ba. "Ɗan Fulani, na ji sifana ta yi ƙara. Ka ɗauka saniya kake tatsa?"

"Baba, wane marar imani ne ya ɗaure notin nan?"

"Ni ne. Bana shekara tara."

"Ai na sani. Aikin Babarbare ba ya ɓuya."

Baba Mele ya fara dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, har sai da matarsa Amna ta fito da kofin ruwa. Lado ya yi lamo yana saurare har tarin ya lafa.

Duk Kazaure ba wanda bai san Mele Direba ba. Shi ke jigilar gyaɗa da 'yan kasuwa zuwa Roni da Gwiwa, kuma da aka koma tuƙi a hannun dama shekara biyu da suka wuce, sai da ya yi wata guda yana mita cewa an raina wa direbobi hankali. Mako biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti a Kano. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya san fassarar wannan hutun. Yau da safe ya tubure sai an shimfiɗa masa tabarma a zaure, wai ba zai bar makaniki da motarsa ba mai gadi ba.

Dalilin gyaran kuwa shi ne Dunoma, ƙanen Baba Mele, manomi a wani ƙauye bayan Gwiwa. Shekara goma sha ɗaya rabon da su gaisa. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu, motar da Mele ke ja a lokacin ta kafe a laka, Dunoma kuma bai jira ba. Mele ya iso ya ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ko saukowa bai yi ba ya juya kan mota. Tun daga ranar yake wucewa ta ƙofar gidan ƙanensa duk ranar kasuwa, ko ham ba ya dannawa. Sai jiya ya kira Lado ya ce a je a ɗauko masa Dunoma. Ga shi damina ce, ba ranar kasuwa ba, kuma in ba wannan a-kori-kurar ba, babu motar da ke yarda ta shiga hanyar.

Lado ya zuba wa notin man birki, ya bar shi ya jiƙa, ya ƙwanƙwasa kansa da guduma. Ya je maƙerar Daudu ya aro ƙarfe ja wur, ya naɗe bututun fetur da jiƙaƙƙen tsumma, ya gasa notin har ya yi hayaƙi. Ya zura wa sifana dogon bututu ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ko gezau.

"Lado, zo nan."

Da ya ji an kira shi da sunansa na gaskiya, sai ya saki sifanar. Ya fito ya durƙusa a bakin tabarma.

"Kana ta jan sa baya kamar jaki," in ji Baba Mele, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ba a haka. Ƙara ɗaure shi tukuna, ɗan kaɗan. In ya motsa gaba, zai yarda ya dawo."

"Baba, in ya karye a ciki fa? Sai an sauke inji. Kwana biyu ke nan."

"To tsaya kana lallashinsa har Sallah." Ya lumshe ido, sannan ya kamo hannun Lado mai baƙin mai. "Saurara. In na riga ku, a jira Dunoma. Kada a sa ni a ƙasa sai ya zo. Ka ji ko?"

"Haba Baba, da bakinka za ka zage shi in Allah ya yarda."

"Na ce ka ji?"

"Na ji."

Lado ya koma ƙarƙashin mota, amma bai bi shawarar ba. Tsoro yake ji, kuma shekara ashirin yana kanikanci, bai ga dalilin da direba zai koya masa riƙon sifana ba. Yana cikin ƙara man birki ya ji Amna ta ɗauki salati a zaure, a hankali, tana maimaitawa. Ya ajiye gwangwanin, ya kifa goshinsa a kan damtsensa ya yi kuka, shi kaɗai a ƙarƙashin mota.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. An yi wa mamacin wanka, an aika masu haƙa. Liman Haladu ya ce da an idar da salla sai a sallace shi. Lado ya matso, riga duk baƙin mai, ya rusuna.

"Allah gafarta Malam, ya bar wasiyya. Ya ce a jira ƙanensa."

"Wane ƙanen? Wanda ba sa ga maciji?" wani ya tambaya daga baya.

"Shi."

Liman ya shafa gemu. "Lado, gawa ba ta son jinkiri, ka sani. Ga zafi, ga hadari yana haɗowa. Motar ma na ga ƙafarta a sama."

"Za ta tashi, Malam."

Daga bayan labulen zaure Amna ta ce, "A gabana ya faɗa, Malam. Shekara goma sha ɗaya abin nan yana cin sa. Ku taimake shi."

Liman ya ɗaga kai ya dubi rana. "Zuwa bayan la'asar. In rana ta yi ja ba ku iso ba, ba zan ƙara ba, kuma kada ka ga laifina."

Lado ya sake shigewa ƙarƙashin mota, masu zaman makoki suna kallon tafin ƙafarsa. Ya ji wani yana cewa, maƙwabcinka na kwance kai kana wasa da ƙarfe. Ya kafa sifana ta zauna daram, ya zura bututun, ya yi bismilla, sannan ya tura ta gaba, wajen ɗauri, yadda aka gaya masa. Sai ya ji ƙas, ɗan ƙaramin sauti, garin tsatsa ya zubo masa a fuska. Ya dakata, don bai san ko karyewa ya yi ba. Ya jawo baya a hankali, notin ya biyo shi yana ƙugi. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya faɗo a tafin hannunsa, ɗumi gare shi.

"To Babarbare, ka ci gari," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Ya ɗaga injin da jak, ya zare tsagaggiyar robar, ya sa sabuwa, ya ɗaure. Ya wanke hannu da sabulu, ya yi alwala ya bi jam'in azahar, ana sallamewa ya tayar da mota. Injin ya zauna, babu karkarwa, babu gogar fanka.

Bayan Roni hanyar ta zama kwari da laka. Sau biyu motar tana neman kafewa, yana saran rassa yana cusawa ƙarƙashin taya. Ya tarar da Dunoma a gona yana noman maimai, dogo kamar wansa, har da irin tsagen fuskar. Tun daga nesa Dunoma ya gane motar, ya tsaya da fartanya a hannu, sai ya ga ba mai ita ne ke ja ba.

"Baba Dunoma, sai haƙuri. Baba Mele ya cika ɗazu kafin azahar."

Dunoma ya yi salati, ya zauna a kan kunya. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ai yanzu kun kai shi. Gobe na zo gaisuwa, in matarsa za ta karɓe ni."

"Ba a kai shi ba."

"Tun kafin azahar?"

"Shi ya hana. Ya ce kada a sa shi a ƙasa sai ka zo."

Dunoma ya miƙe. Ya saki fartanyar a nan inda take, ko gida bai biya ba ya buɗe ƙofa ya shiga. Duk tsawon hanya hannunsa na kan gefen kujerar direba, daidai inda zaman wansa ya lotsa ta, hawaye na bin tsagen fuskarsa bai share ba. Lado kuwa idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a rana.

Ta fara ja lokacin da duwatsun Kazaure suka bayyana. Da suka karyo kwanar unguwa, sai ga makara a ajiye a inuwar katanga, an lulluɓe ta da tabarma, mutane zazzaune, Liman a tsaye yana duban hanya. Ya juya ya ce wa jama'a, "Ga ɗan'uwansa nan. A tashi."

Dunoma ya sauko da lakar gona a ƙafarsa. Aka miƙo masa buta ya yi alwala, sahu ya dare masa ya wuce gaba. Lado ya kashe mota ya tsaya a ƙarshen sahu, tsohon notin yana aljihunsa. Liman ya yi kabbara, unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai injin a bayansu yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.