Ranar da Asama'u Ta Fita Takaba

Hadi ya sunkuya ya janye takalman Asama'u daga bakin tabarma, ya cusa su bayan ƙyauren zaure don kada su fito a hoto. Ya ce mata ta ƙara sunkuyar da kai, kuma kada ta kuskura ta yi murmushi. Ita ko murmushin me za ta yi? Turawa sun kewaye ta, rana ta mai da su jajaye, kowane da kyamara a ido, sai ƙyas-ƙyas kake ji. Wata doguwar Baturiya har da durƙusawa don ta ɗauko tsagar dugaduganta da kyau.

A shekarun nan jiragen sama masu tasowa daga Ingila kan sauka Kano su sha mai, fasinjoji su sami 'yan sa'o'i ba abin yi. Sai a zuba su a mota a zaga da su gari su buɗe ido. Hadi, ƙanin mijin Asama'u, shi ne mai rakiyarsu, don ya tsinci Turanci a filin jirgi, kuma Allah ya yi masa baki. Hanyarsa ɗaya ce kullum: kantunan Kwara, wato Larabawa 'yan kasuwa, a Kantin Kwari, a biyo ta Bata, a ƙare a kasuwar Sabon Gari. Amma tun da yayansa Malam Sabo ya rasu sai ya ƙara zango a Fagge, wato ƙofar gidan mamacin. Nan zai dafe ƙirji, ya karya murya, ya yi ta bayani yana nuna Asama'u, su kuma su sa hannu a aljihu. Abin da suka bayar a tafinsa yake sauka, kuma a aljihunsa yake kwana.

Asama'u ta tsani wannan zama fiye da yadda ta tsani yunwa. Ba ta jin Turanci, amma ta san ana tallar ta ne. Abin da ya sa take haƙura shi ne rumfa.

Malam Sabo baduku ne, yana da rumfa a kasuwar Sabon Gari, ita ce abin da ya bar mata da 'ya'yansu mata biyu. Rabin kayan da ke cikinta ma aikin hannunta ne, don mahaifiyarta 'yar Agadas ce, can kuwa mata ke dukanci. Ranar sadakar uku Hadi ya miƙe a gaban jama'a, har da 'yan kasuwa, ya ce zai riƙe rumfar amana tunda mai takaba ba ta fita, ran da ta gama kuwa ta zo ta karɓi abinta. Aka yi ta sa masa albarka. Daga nan ya riƙa kawo mata kirgi, wato jemammiyar fata, tana ɗinka jakunkuna da tumtum a ɗaki, yana kwashewa, yana aiko da ɗan kwanon dawa in ya tuna. Ran da ta ce ba za ta sake zama a zaure ba, ya ce to, riƙon rumfa ma ai ba dole ba ne, akwai masu so. Kashegari ta shimfiɗa tabarmarta.

* * *

Wata Laraba da hantsi Veronica ta zo. Ita ce mai rumfar atamfa da ke jikin ta Malam Sabo, mutuniyar Anaca ta ƙasar Ibo, amma a Sabon Gari ta haifi 'ya'yanta duka, Hausa kuwa sai dai ta koya wa wani. Ta ajiye doya da kwalbar manja, ta yi gaisuwa a gurguje, sannan ta matso kusa. Ta ce Hadi ya je wurin sarkin kasuwa har sau biyu yana cewa matar yayansa ba ta da bukatar rumfa, mace ce mai kunya, ba za ta iya kasuwa ba. Ya ma kawo wani mai sayar da agogo ya auna wurin da taku. An ce masa dai a bari ta gama takaba a ji daga bakinta, shi kuma ya ce ai da sauran lokaci, zai kawo saƙonta da kansa.

"Yaushe kike gamawa, Maman yara?"

"Jibi," in ji Asama'u.

Veronica ta tambaya ko Hadi ya sani. Asama'u ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Mutumin da ya san lokacin saukar kowane jirgi, bai taɓa tambayar ranar da matar yayansa za ta cika wata huɗu da kwana goma ba. A wurinsa takabar nan gona ce, wa zai so a ce damina ta ƙare?

* * *

Bisa al'ada dangin miji ke kawo wa mace sabon zanen fitar takaba. Ranar Juma'ar ba wanda ya leƙo, kuma hakan ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Maƙwabta ne suka taru tun da sassafe. Aka ɗora ruwan zafi, ta yi wanka, aka tsefe kan da ya yi watanni bai ga mai ba, aka yi mata kitso. Aka toya waina aka raba sadaka, aka yi wa Malam Sabo addu'a. Ta buɗe adaka ta ciro zanen saƙi baƙi mai sheƙi, wanda ya saya mata shekarar da aka haifi babbar 'yarsu, ta zizara kwalli, ta ɗaura warwaron azurfar mahaifiyarta. Da ta duba madubi sai ta ga matar da ta kusa mantawa.

Ta bar yara wurin maƙwabta, ta ɗora ƙunshin jakunkunan da ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ta fita. Ƙafafunta sun manta tafiya, hasken titi ya cika mata ido. Ta ratsa Fagge tana amsa barka da fita, ta wuce masu amalanke a Bata, ta shiga kasuwar da mijinta ya yi shekaru yana ba ta labarinta: layin masu busasshen kifi da warinsa ke hawa kai, Yarbawa masu tasoshi, garmaho na waƙa a rumfar mai gyaran keke. Hadi a wurin Veronica yake kwanar da kaya, don haka kafin Asama'u ta iso Veronica ta riga ta share rumfa ta jera komai. Ta je ta gai da sarkin kasuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta da bakinta, ta dawo ta zauna a kan buzun mijinta.

Gab da azahar ta hango hular Hadi tana tahowa, Turawa na biye da shi kamar 'yan tsaki. Yana tafe da baya da baya yana zuba, bakinsa har kunne. Da ya juyo ya gan ta, sai ya ja ya tsaya. Ya dubi zanen, ya dubi kwallin, ya fahimci ranar da ake ciki.

"Yaya, me ya fito da ke?" Ya faɗa ƙasa-ƙasa, haƙoransa a waje saboda baƙi na kallo. "Na je gida ban same ki ba. Tashi ki koma, ma yi magana da yamma. Mace a rumfa?"

"Na zo karɓar amanata, Hadi. Allah ya saka da riƙo."

Veronica ta ce masa ya ɗaga kai ya ƙirga matan da ke rumfuna a layin nan, in ya gama ya gaya mata. Masu rumfunan kusa suka fara tasowa, waɗanda suka ji alkawarinsa ranar sadaka, suka tsaya suna kallonsa. Shi kuwa abincinsa a fara'a yake. In ya ɗaga murya a gaban baƙi, labari ya kai filin jirgi, an sallame shi ke nan. Ya tsaya yana murmushin yaƙe.

Wani tsohon Bature ya ɗauki jaka ja mai tuntaye yana juyawa, ya yi tambaya. Veronica ta fassara wa jama'a da ƙarfi cewa yana son ya san mai kayan, don ya biya. Ta naɗe hannu tana jiran amsar Hadi, ta kuwa nuna masa tana jin Turancin sarai. Hadi ya nuna Asama'u, ya yi magana da Turanci.

"Maimaita da Hausa, Malam Hadi," in ji wani dattijo mai sayar da tabarmi. "Mu ma mu ji."

"Na ce ita ce mai rumfa."

Dattijon ya ce sun shaida. Daga nan ciniki ya kankama. Asama'u ta faɗi kuɗin kayanta da kanta, Hadi na fassarawa dole, kuɗi na sauka a tafinta. Wata Baturiya ta ɗaga kyamara, Asama'u ta ɗaga mata hannu ta dakata. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta jawo tumtum mafi kyau gabanta, ta ɗaga kai ta dubi kyamarar ido cikin ido, sannan ta ce a ɗauka. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar kanta. Da za su tafi Hadi bai yi mata sallama ba, ita kuma ta ce ya gai da gida.

* * *

Suna naɗe kaya bayan la'asar Veronica ta gaya mata abin da ta ji daga direban motar. Da Hadi bai same ta a zaure ba, bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka karkata Rijiyar Lemo, gidan wani ɗan dako da ya rasu kwanan nan, ya yi wa matarsa Kubura alkawarin dawa, aka ɗauke ta hoto, aka wuce.

Asama'u ba ta nufi gida kai tsaye ba. Ta yi tambaya har aka nuna mata lungun. Kubura na nan a bakin zaure, yarinya ce ƙarama da goyo, kanta a sunkuye, ba wanda ya gaya mata cewa baƙin sun daɗe da tashi sama. An ce mata wata mota za ta zo da yamma, shi ya sa ba ta motsa ba.

Asama'u ta yi sallama, ta yi mata ta'aziyya, ta tambaye ta ko ta taɓa riƙe basilla. Kubura ta girgiza kai. Sai ta kwance ƙunshinta ta ciro guntun kirgi da zare, ta zauna a gabanta, ta ba titi baya, faɗin zanenta ya rufe ƙofar zauren. Can bakin lungu aka ji ƙugin mota, Kubura ta zabura za ta leƙa.

"Nan za ki duba," in ji Asama'u, ta kama hannunta ta ɗora a kan fatar.