Gonata ta ƙetare gulbi

Ni dai ban taɓa faɗa da gulbi ba. Kowa a Gulma ya san halinsa: in damina ta yi, sai ya zaftare ƙasa daga wannan gaɓa ya kai waccan, wata shekara ya maido. Kuma tun kakanni, duk ƙasar da ruwa ya aje a bakin gonarka taka ce. Lafiya lau muke a haka, sai da wana Tamba ya zo da nashi wayon.

Da mahaifinmu ya rasu anka raba mana fadama, shi ƙetare, ni wannan gefe, daidai inda gulbi ke lanƙwasa. Da rani sai na hango shi cikin ruwa har ƙugu, yana kafa turaka, yana cusa ƙaya da karan gero a tsakani.

"Yaya, wannan fa na mi ne?" na tambaye shi.

"Tarkon kifi ne, Maliki," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Kifin mi! Da damina ruwa ya taho, ya bugi shingen, ya zube masa laka mai laushi kamar kunu, sannan ya juyo da ƙarfinsa duka ya faɗa wa gaɓata. Ina tsaye shinkafata tana ruftawa da saiwarta, fangali bayan fangali. Wallahi har hawaye na yi, gemai-gemai da ni.

Na kai ƙara Argungu. Alƙali ya ce, "Ɗan'uwanka ya taka gonarka?" Na ce a'a. "Ya ɗebi ƙasarka da kwando?" A'a. "To ruwa ne ya ba shi. In ba ka yarda ba, ga hanyar Sakkwato nan, ka ɗaukaka ƙara." Sakkwato kuma, da wane ƙarfin?

Damina ta gaba ta cinye sauran. Matata Balaraba, wadda ba ta taɓa yi wa kowa aikatau ba, ta koma sussukar shinkafar mutane.

Da kaka sai ga Tamba a ƙofar gidana, jaki ɗauke da buhu, mutanen masallaci na biye da shi.

"Zakkar shinkafata ce," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "Na ga da in ba bare, gara in ba ƙanena mabuƙaci."

Jama'a sunka hau sa masa albarka. Kai, rashin kunya! Shinkafar da ta fito a kan ƙasata! Na so in watsa masa ita a fuska, amma babu ko tsaba a rumbuna, ga yara sun zuba mini ido. Na sunkuya na saɓi buhun, kuma da bakina na ce masa na gode.