Farar Ƙasar Malam Bawa

"Sauko da ita," in ji Malam Bawa.

Sirajuddeen ya tsaya da fosta a hannu, ƙafarsa ɗaya a kan tsanin tankin ruwa. Fostar ɗan takararsu ce, shi kuwa sakataren jam'iyya ne na mazaɓa. Malam Bawa kuwa maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma shekara ashirin da biyu ke nan yana riƙe da makullin famfon da ƙaramar hukuma ta gina wa unguwarsu a Gwandu. Yana zaune a benci, ciwo ya cinye shi sai idanu.

"Haba Baba, takarda ce fa kawai."

"Takarda ta. Gobe macen da mijinta ke wancan ɓangare ta taho da bokiti, ta ga huskar mutuminku bisa kanta, ta juya rijiyar fadama. Ɗiyanta su sha ruwa mai tsutsa. Sauko da ita."

Ya sauko yana ƙunƙuni. Kowane zaɓe haka ake fama: 'yan siyasa su shafa wa ginin fentin jam'iyya, Malam Bawa ya jiƙa farar ƙasa ya bi ya shafe. Sau uku ana kai ƙararsa, kowane ɓangare na kiransa ɗan adawa. Bana kuma sabon salo ya shigo, a tsaya gaban famfo a ɗauki bidiyo a ce aikin wane ne. Har kansila sai da ya kora.

Bayan kwana tara Zulai, 'yar Malam Bawa, ta ɗauke shi zuwa Kalgo jinya. Shugaban jam'iyya ya kira Sirajuddeen. "Bi shi ka karɓo makullin nan kafin waɗancan su riga mu. Ranar gangami mu za mu buɗe ruwa."

Ya hau babur ya je. Ya tarar da tsohon kwance, makullin rataye a wuyansa da igiya. Bai ko gama gaisuwa ba Malam Bawa ya ciro ya miƙa masa.

"Na san wanda ya aiko ka. Amma da hannunka ka sauko da takardar nan. Wanda ya riga zuwa shi ka fara ɗiba, Siraju."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Wallahi Sirajuddeen bai taɓa zaton zai yi kewar faɗan tsohon nan haka ba. Kullum da safe kunnensa na jiran tari da ƙarar makulli ta bayan katanga, shiru kake ji.

Ranar gangami ya fito ya tarar an shafe ginin da fentin jam'iyyarsa. Wasu mata sun yi cirko-cirko daga nesa da bokitai. Wayarsa sai ruri take a aljihu, shugaba ne.

Ya shiga zauren marigayi ya ɗauko bokitin farar ƙasa. Ta bushe ta tsattsage, tsintsiyar na nan a kafe. Ya buɗe famfo, ya tara ruwan farko a ciki, ya tsuguna yana damawa. Ɗaya daga matan ta matso a hankali, ta ajiye bokitinta a bayansa.