Sai Malam Ya Buga Rula

Dokar Malam ɗaya ce. Wanda ya zauna a kan bencinsa ba ya tashi sai Malam ya buga rula sau biyu a kan tebur.

Ni ba karatu ne ya kai ni gidan ba. 'Yarsa, wadda nake kira Anti, ita ta ɗauke ni in riƙa kula da shi daga safe har ta dawo daga aiki. In dafa masa shayi, in ba shi magani a kan lokaci, in riƙe hannunsa ya zaga tsakar gida sau uku. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci. Aikin ya sallame shi, shi bai sallami aikin ba. A ɗakinsa akwai baƙin allo jingine da bango, da tebur, da wani dogon benci na katako wanda ya tashi daga gaban teburin ya kai gindin taga.

"Ƙarfe goma zai fara koyar da bango," in ji Anti ranar farko, tana laluben mukullin mota a jaka. "Kada ki ji tsoro. Likita ya ce a bar shi."

Kwana uku ina laɓe a bakin ƙofa ina saurare. A na huɗu ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke, a aji nawa kika tsaya?"

"Huɗu, Malam."

"Me ya fitar da ke?"

Na sunkuyar da kai. Abin da ya fitar da ni shi ne, duk lokacin da aka ce in miƙe in yi karatu, muryata ba ta fitowa. 'Yan aji su yi ta dariya. Na daina zuwa, ba wanda ya matsa mini. Ban faɗa masa wannan ba, amma ina jin ya gane.

"Shigo ki zauna."

Na nufi wajen taga don ya fi nisa da shi.

"Ba nan ba," ya ce. "Da mutum a nan."

Na dubi wurin. Hasken rana ne kawai kwance a kan katako. Na dawo ɗaya gefen, kusa da tebur, na zauna.

Ya ja layi biyu a allo, ya raba shi gida uku. Jiya, yau, gobe.

"A namu harshen, kalmar ba ta cika damuwa ba," ya ce. "Na dafa, zan dafa. Abin da ke gabanta ne yake canzawa. Turanci kuwa ita kanta yake taɓawa. Cook. In jiya ne, ki liƙa mata wutsiya, cooked. In gobe ne, ki ba ta ɗan rakiya a gaba, will cook. In kina cikin yi yanzu, hannunki a kan tukunya, am cooking. Waɗannan su ne masu biyayya."

Ya goge gefe ɗaya ya rubuta wasu a jere.

"Waɗannan kuma masu taurin kai ne. Ba sa karɓar wutsiya. Go, went, gone. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ba a faɗa mini ba. Na ukun ba ya fita shi kaɗai, sai da have ko had. Guda arba'in ne a jadawalina. Haddacewa ake yi."

Sai ya fara karantawa da ƙarfi, yana tsayawa bayan kowane layi don a maimaita. Ni ina motsa leɓe kawai. Da ya zo na bakwai ya tsaya ya daɗe, ya karkata kunne wajen taga.

"A'a. Ba bringed ba. Sake."

Ana cikin haka na ji butar shayi tana kuka a kicin. Na yunƙura in tashi, na kasa. Ba ciwo, ba sagewa. Kamar dai wani ya zauna a kan gefen zanena. Na sake yunƙurawa. Butar ta yi ta ihu har Malam ya gama layinsa, ya ɗauki rula, ya dube ni, ya buga sau biyu. Nan take ƙafafuna suka zama nawa.

Na ce wa kaina jini ne ya tsaya. Washegari na gwada, ba tare da buta ba, ba tare da dalili ba. Haka ya faru. Rana ta uku ma haka.

Ya kamata in daina zama. Amma ni ban iya cewa a'a ba, kuma gaskiya ina son karatun. Cikin wata ɗaya na haddace arba'in ɗin a zuci. Ina wanke kofuna ina jera kalmomin a raina. Abin da ya fara hana ni sukuni shi ne hannun Malam na dama. Kullum rular tana ƙara rawa kafin ta sauka. Wata rana bugu na biyu da ƙyar ya fito. Na zauna ina kallon hannun, ina tunanin ranar da zai ƙi ɗagawa ina kan bencin.

Wata rana ƙanwarsa ta zo, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ta leƙa ɗakin ta tarar da mu.

"Yaya, har yanzu ana nan ana cin zalin allo? Ka samo sabuwar ɗaliba ke nan. To wannan ma tana magana kuwa, ko ita ma irin waccan ce?"

"Fita mini daga aji," in ji Malam.

"Aji. Allah ya shirye ka."

Bayan an buga rula ta biyo ni kicin, ta ja kujera ta zauna, ta cire takalmi.

"Ke 'yar shiru, zuba mini ruwan zafi. Kin ji ana amsa masa daga taga?"

"Ban ji ba, Gwaggo."

"Ki gode wa Allah. Kin san daga ina bencin nan ya fito?"

Na girgiza kai.

"Daga makarantar da ya fara koyarwa. Da za su canza kujeru ya roƙa aka ba shi. Akwai wata yarinya a ajinsa, 'yar shekara goma sha ɗaya, mai zama gindin taga. Irinki ce sak, sai an sa kunne a bakinta. Ranar da za a yi hutu ya tsayar da ita ta karanta jadawalin nan, ta maƙale a hanya. Ya sallami kowa, ya ce ita ta zauna, kada ta tashi sai ta kai ƙarshe, yana zuwa. Yana fita aka tare shi da cewa matarsa na naƙuda. Wannan Antin taki ce za a haifa. Ya hau keke ya manta."

Ta hura ruwan ta kurɓa.

"Mai gadi ya zo ya ja ƙofa ya kulle. Ya rantse bai ji ko tari ba. Da ta ce uffan da ya buɗe. Sai washegari ubanta ya same ta, tana zaune inda aka ce ta zauna, jikinta kamar wuta. Ba ta yi mako ba."

Kofin da ke hannuna ya zame cikin ruwa.

"To me ya hana ya buga mata rula?" na tambaya. Ita ce doguwar magana ta farko da na yi a gidan.

"Au, ashe da baki. Je ki tambaye shi mana."

Sai da na yi kwana biyu ina tattara ƙarfin hali. Na tambaye shi lokacin da nake ba shi magani, idona a kan cokali.

"Na buga mata ya fi sau dubu," ya ce. "Ba ta tashi. Cewa na yi sai ta kai ƙarshe, ita kuma yarinya ce mai jin magana. Shekara arba'in muna kan na bakwai. Da na buɗe baki sai ta rikice."

Wannan na gane shi. Muryar Malam, ko da tsufa, irin wadda take sa kalma ta gudu daga kan mutum ce.

Abin ya faru ranar Talata, wajen sha ɗaya saura, rana ta haske ɗakin fes. Anti tana wurin aiki. Wayata tana kicin a kan firji. Malam ya karanta na shida, ya buɗe baki zai faɗi na bakwai, sai bakin ya karkace. Rular ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya sulale a kujera, kafaɗar dama ta zube, hannun ya yi lilo.

"Malam," na ce. "Malam."

Idanunsa a buɗe suke, yana numfashi da ƙyar. Na yunƙura da dukkan ƙarfina. Na dafa benci da hannu biyu na tura. Ko motsi. Na san irin wannan ciwo ba ya jira, na san asibiti yake buƙata yanzu, ga waya can bayan bango biyu. Na so in yi ihu maƙwabta su ji. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba.

Da na yi shiru sai na ji ta.

Siririyar murya ce, kamar iska a ramin mukulli, daga gefen taga. Tana farawa daga na ɗaya. Be, was, been. Tana tafiya a hankali har na shida. Sai ta tsaya, ta ja numfashi, ta koma farko. Ban juya ba. Amma na san wannan jan numfashin. Nawa ne, na aji huɗu.

Malam ba ni yake kallo ba. Taga yake kallo, hawaye na bin gefen hancinsa.

Da ta sake zuwa na shida, na ce a hankali, yadda nake so a ce wani ya taɓa yi mini, "Ba komai, ƙanwata. Ba mai dariya a nan. Bring, brought, brought."

Shiru. Har na ɗauka na kore ta.

"Bring," in ji muryar. "Brought. Brought."

"Yauwa. Mu je. Buy, bought, bought."

Ta maimaita. Muka ci gaba. Ina faɗa tana bi, wani wurin ma tana riga ni. A wajen na ashirin na lura muryata ta cika ɗakin, irin yadda ban taɓa jin ta ba. Ban tsaya ba, don ina ganin numfashin Malam yana gajarta. Write, wrote, written shi ne na arba'in. Ta faɗe shi ita kaɗai.

Na miƙa ƙafa na jawo rular da yatsa, na ɗauka, na kwanto da jikina iyakar inda benci ya bar ni, na cusa ta a hannunsa na hagu. Yatsunsa suka daɗe kafin su riƙe. Ya ɗaga ta kaɗan, idonsa a taga. Ta sauka sau ɗaya. Na ƙirga numfashinsa huɗu. Ta sauka na biyu.

Bencin ya yi ƙara, gefen taga ya ɗan ɗaga, kamar yadda yake yi in wanda ke ɗaya ƙarshen ya miƙe. Labule ya motsa. Ƙofar ɗakin, wadda take a buɗe rabi, ta ƙarasa buɗewa.

Na yunƙura in bi bayanta. Na kasa.

Bugun nata ne. Ni bai dube ni ba.

"Malam, saura ni," na ce. "Don Allah, Malam, saura ni."

Rular ta zame daga hannunsa ta tsaya a kan tebur. Idanunsa sun rufe. Na kira shi sau uku. Sannan na yi tunani: yanzun nan ni na ja karatu daga na bakwai har ƙarshe, aka bi ni. Ban san ko wannan ya isa ba. Na miƙa hannu na ɗauki rular, na buga sau biyu da kaina.

Na tashi. Amma ba kamar kullum ba. Sai da na fizge, kamar mai cire ƙafa daga laka.

Na ruga na kira Anti, na buga ƙofar maƙwabta, aka sa shi a mota. Ya yi kwana tara a asibiti bai farfaɗo ba, Allah ya yi masa rasuwa. Likita ya ce da an ƙara minti goma da ko asibitin ba zai kai ba. Anti ta samu ta yi kwanakin nan tana riƙe da hannunsa, ta yi ta yi mini godiya.

Bayan wata ɗaya ta kira ni in taya ta kwashe ɗakin. Ta ba ni rular da littafin jadawalin. Bencin kuma ta ce a kai wa wani kafinta ya fasa ya yi kantar ajiye kaya da shi. Mutum biyu suka zo ɗauka, dogo da gajere. Dogon ya kama gefen taga ya ɗaga da hannu ɗaya. Gajeren ya kama gefen tebur, ya yi nishi, ya sauke.

"Kai, ɗaga mana," in ji dogon. "Ko ba ka karya ba?"

"Zo ka ɗaga ka ji. Kamar da mutum a kai."

Suka canza wuri. Dogon ya gwada, jijiyar wuyansa ta fito, ya daina dariya.

Ina tsaye a bakin ƙofa da rula a hannu. Gefen da nake zama ne.

"Anti," na ce, "kada a fasa shi tukuna."