Albarkar Abu Jasim

Ranar da Baba ya ce in nemo masa tikitin Kano, a bakin gado yake zaune ya juya wa taga baya. Tagar nan kuwa ita ce abin alfaharina a gidan. Daga saman benenmu na unguwar West Bay ana hango teku da jiragen ruwa na katako a bakin titin Corniche, duk baƙon da ya zo sai ya ɗauki hoto. Baba tun zuwansa bai taɓa leƙawa ba. Cewa yake shi mutum ne, ba tsuntsu ba.

Na kawo shi Doha ne neman magani, ciwon daji aka gano masa a hanji. Duk bayan ɗan lokaci sai a sa masa maganin ta jijiya, ya yi kwanaki yana fama da amai. An kai rabin maganin, likita ya ce ana ganin haske, amma in aka tsaya a nan to an yi aikin banza. Na faɗa wa Baba haka. Ya saurare ni har na gama.

"Faruku," ya ce, "daga ɗaki sai lif, daga lif sai mota, daga mota sai gadon asibiti. Tun da na zo garin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. In mutuwar ce, gara ta same ni inda ake jin motsin mutane."

Alhaji Baballe na Kantin Kwari ke nan, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan benci a ƙofar shagon atamfa, yana ciniki yana tsokanar masu wucewa. Yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na san in ya hau jirgin nan ba zai dawo ba, kuma na san abin da hakan yake nufi.

Fita da shi ba abu ne mai sauƙi ba. Ba ya daɗewa a zaune, kuma dole bayan gida ya kasance kusa. Wani abokin aikina a kamfanin gas ne ya ba ni shawarar karafan, wato ɗan ɗakin nan mai taya da mutanen ƙasar suke ja da mota su kai sahara lokacin sanyi. Ni da ko keken guragu ban taɓa ja ba, sai ga ni ina kwana ina tashi a kan hotunan karafan na hannu. Na karanta yadda ake duba tsatsa a ƙasa, da yadda ake gane rufin da yake yoyo. Matata Aminat ta ce na koma kamar mai shirin jarrabawa. Daga ƙarshe na ga wani ƙarami, wani dattijo a unguwar Rayyan ya sa shi kasuwa.

Da na ce wa Baba ya raka ni sayen tirela, ya dube ni sama da ƙasa.

"Tirela? Siminti za ka fara ɗauka?"

Amma kalmar saye ta yi aikinta. Ya sa hularsa.

Mai karafan ɗin sunansa Abu Jasim, dogon tsoho mai farin gemu, ya kusa sa'ar Baba. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, Larabcina kuma daga yalla sai khalas. Ya zaunar da mu, ya zuba mana gahawa, ya tura farantin dabino gaban Baba, sannan ya kai mu bayan gida inda abin yake tsaye ƙarƙashin rumfa.

Daga waje bai fi motar kiya-kiya ba. Ya buɗe ƙofar muka shiga. Teburi ne a tsakiya, ya danna shi ƙasa ya zama gado. Ya ɗaga wani murfi sai ga murhu, ya ɗaga na kusa sai ga famfo, ya murɗa ruwa ya zubo. Ya buɗe wata ƙofa da na ɗauka ta ajiyar kaya ce, ashe makewayi ne cikakke har da buta a rataye. Ya tura wata 'yar taga a rufi, sararin sama ya bayyana daidai kan matashin kai. Ni injiniya ne, na ga manyan injina a rayuwata, amma ban taɓa ganin an tattara gida guda an ninke shi haka ba. Duk abin da na haddace game da tsatsa da yoyo ya gudu daga kaina, tsayawa kawai na yi ina ta masha Allah kamar baƙauye.

Baba bai kula murhu ba. Wani ƙarfe ya kama, wanda aka kafa a jikin bango kusa da gadon, akwai irinsa a makewayi, akwai a bakin ƙofa. Robar jikinsa ta sha hannu har ta yi sulɓi. Abu Jasim ya ga inda yake kallo.

"Ummi," ya ce, ya ɗaga tafin hannu sama. "Allah yarhamha."

Don mahaifiyarsa ya sa aka kafa su. Baba ya yi mata addu'a, tsohon ya amsa da amin.

Sai ciniki. Abu Jasim ya rubuta kuɗinsa a waya ya nuna mini. Na rage abin da na rage, na rubuta nawa na miƙa masa, na san na sare shi da yawa. Ya dubi wayar, ya dubi Baba da yake riƙe da ƙarfen nan, ya ce, "Bil-baraka."

Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da mai kaya yake nufi in ya ce albarka. Bai sallama ba ke nan, tayinka bai kai ba.

A nan ne na ji wata murya da na daɗe ban ji ba, muryar Baba ta kasuwa.

"Ya ce albarka. To ba komai, ai ba a fara ba. Ƙara masa kaɗan. Kaɗan fa, kada ka nuna masa kana so."

Na ƙara, na miƙa. Abu Jasim ya yamutsa fuska, ya kaɗa hannu. "La, la. Bil-baraka, khalas."

"Tsohon nan ɗan kasuwa ne," in ji Baba, idonsa yana ƙyalli. Ya saki ƙarfen ya gyara tsayuwa. "Ka ga yadda ya ɓata rai? Duk salo ne, ni ma haka nake yi. Ƙara."

Na sake ƙarawa har na kai iyakar ƙarfina. Wannan karon tsohon ko kallon wayar bai yi ba. Ya ture ta da bayan hannu, ya dafa ƙirjinsa, ya yi wata doguwar magana da Larabci wadda babu abin da na tsinta a ciki sai baraka har wajen sau nawa. Da gaske ransa ya ɓaci. Ni kuwa idona ya cika, na ga ɗakin nan mai taga a rufi yana kuɓuce mini, na ga Baba a filin jirgi.

"Mu tafi," Baba ya ce a hankali. "Yi masa godiya, ka juya. Kada ka waiwaya. In mai sayarwa ne zai kira mu kafin mu kai mota."

Muka juya. Baba yana gaba yana takawa da ƙasaita, ba ko sanda. Mun kusa ƙofar gida sai muka ji takun takalmi a bayanmu da sauri.

"Ban faɗa maka ba?" in ji Baba, bai waiwaya ba.

Abu Jasim ya sha gabanmu yana haki. Ya kama hannun Baba, ya buɗe tafin, ya ɗora mabuɗin karafan ɗin a ciki, ya rufe yatsun da nasa hannun. Sannan ya juyo gare ni, ya tattaro duk Turancin da Allah ya ba shi. Ya ce tun tayin farko ya sallama. Ya ce mini bil-baraka, wato ya zama nawa, Allah ya sa albarka. Me ya sa nake ta ƙara masa kuɗi? Ko na ɗauka maganarsa ba magana ba ce? Sannan kuma na juya masa baya a cikin gidansa.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Na fassara wa Baba. Ya dubi mabuɗin, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda take fitowa daga ciki, har sai da ya dafa bango, hawaye yana bin gemunsa.

"Wato mu muke ta ciniki da kanmu," ya ce. "Faɗa masa, Faruku. Faɗa masa yadda muke yi a gida."

Na yi ta fama da hannu da baki har Abu Jasim ya gane cewa a wurinmu in mai kaya ya ce albarka, ƙi ya yi. Ya sa na maimaita. Ya zauna a kan wani dakali yana girgiza kai.

"Subhanallah," ya ce. Wai akwai mutane a duniya da ba sa iya ce wa mai saye a'a sai sun haɗa masa da addu'a? Ya ce bai taɓa jin ladabi irin wannan ba.

Baba kuwa nasa mamakin daban. "Shekara nawa ina korar mutane da kalmar nan," ya ce, "ashe a wani wurin da ita ake bayarwa."

A kan tayin farko aka tsaya, ya rantse ba zai karɓi ƙari ba. Da na matso da motata don a ɗaura sai wata sabuwa ta fito: babu ƙugiyar ja a bayanta. Duk karatun da na yi ban taɓa zagayawa na duba ba. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallona, suka dubi juna, babu wanda ya nemi tafinta. Abu Jasim ya ce kada in damu. Yana da zango a sahara wajen Sealine inda iyalinsa suke fita lokacin sanyi, ranar Juma'a bayan masallaci shi zai ja mana da motarsa.

Haka aka yi. Baba ya ƙi shiga tawa, ya ce gaban motar abokinsa zai zauna. Na bi su a baya ina kallon ɗan farin ɗakin yana rangaji a kan titi, benaye suna ƙarewa, gari yana komawa fili. Da kwalta ta ƙare muka tsaya aka rage iskar tayoyi, muka shiga rairayi.

Ban san yadda zan kwatanta wurin ba. Na sha ganin hotonsa, amma hoto ƙarya yake yi. Tuddan rairayi ne manya-manya, kowanne ya fi bene, sumul kamar an share su da tsintsiya, suna gangarowa har su tsoma ƙafa a cikin teku. Babu itace, babu dutse, babu komai tsakanin yashi da ruwa. La'asar ta yi, rana ta karkata, gefe ɗaya na kowane tudu ya yi ja, ɗayan ya yi duhu. Shirun wurin har nauyi gare shi, in ban da ruwa da yake zuwa yana komawa. Na ji ni ƙarami ƙwarai, kuma abin ya yi mini daɗi.

Muka kwance karafan, muka sa masa ƙafafunsa, muka ja rumfar gefe. Na shimfiɗa gadon don Baba ya huta. Da na fito ban gan shi ba, takalmansa kawai na gani a bakin matakala. Can na hango shi ya nufi ruwa, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, yana tafiya sannu a hankali, rairayi yana haɗiye ƙafarsa har idon sawu. Na yunƙura zan bi shi, Abu Jasim ya riƙe mini hannu.

Ya daɗe a tsaye a bakin ruwan. Daga nan ya durƙusa ya ɗebi yashi cikin tafinsa, ya bar shi yana zuba. Na ga leɓunansa suna motsi. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga ba, ga shi gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, sahara kuma a bayansa.

A kan rairayin muka yi sallar magariba, Abu Jasim ya ja mu. Bayan mun idar aka hura wuta, 'ya'yan Abu Jasim suka zo suka gaishe da Baba ɗaya bayan ɗaya, suna sumbatar kansa. Tsofaffin suka zauna kafaɗa da kafaɗa, wannan yana Hausa wancan yana Larabci, kowa yana gyaɗa kai kamar ya ji. Da sanyi ya fara sauka na taimaka wa Baba ya shiga ciki. Ya kama ƙarfen tsohuwar nan ya zauna, ya kwanta rigingine.

Na tsaya a bakin ƙofa. Tun safe maganar tikitin take cina, na kasa tayar da ita, don ina tsoron amsar.

"Faruku."

"Na'am, Baba."

"Yaushe ne za su sake sa mini ruwan nan nasu?"

"Ranar Talata."

Ya ɗaga ido ya dubi 'yar tagar rufin.

"Talata," ya ce. "To Laraba da Alhamis ba ni da amfani. Ka faɗa wa tsohon nan ya jira ni Juma'a. Akwai raƙumin da ya ce zai saya, kuma in ba ni a wurin, yadda yake cinikin nan, cutarsa za su yi."